Wuƙar Auren Mangwaro

Bayan sadakar uku, da aka zo tattara kayan Malam don a wanke, na ce a bar mani aljihuna in duba da kaina. A cikin 'yar cikin da ya sa ranar da aka tafi da shi asibiti na sami asuwaki, da rabin goro da ya bushe, da wuƙarsa. Asuwakin da goron na ajiye su a kan taga. Wuƙar kuwa tana hannuna har aka gama wankin aka shanya, ban ma san ina riƙe da ita ba. Daga baya na roƙi yara su bar mani ita a cikin gado, suka ce ai ko ban roƙa ba.

'Yar ƙarama ce, irin mai naɗewa. In an rufe ta, tsawonta bai wuce yatsana na tsakiya ba. Mariƙinta na ƙaho ne, baƙi, hannu ya goge shi har yana sheƙi. Shekara talatin da huɗu na yi a gidan Malam a Ƙofar Marusa, kuma da ita na same shi. Ban taɓa ganin ya fita ba tare da ita ba, ban kuma taɓa buɗe ta da hannuna ba.

Malam ma'aikacin gandun daji ne, a wurin da ake rainon dashe, har ya yi ritaya. Aikin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne auren itatuwa. Ana shuka ƙwallon mangwaro na banza, irin mai zare, a raine shi har kaurinsa ya kai na fensir. Sai a yanke masa kai, a tsaga shi kaɗan, a yanko ɗan reshe daga bishiyar da ake son irinta, a feƙe gindinsa ta gefe biyu, a cusa shi cikin tsagar, a ɗaure. In Allah ya sa sun karɓi juna, saiwa ta wancan ce, 'ya'ya kuma na wannan. Malam yakan kira na ƙasan ango, ɗan reshen kuma amarya, wai don ita ake ɗaukowa daga gidansu a kawo gidan wani.

Amma ba aure kaɗai yake yi da wuƙar ba. Da ita yake feƙe wa yara fensir, ya gyara bakin asuwaki, ya raba goro, ya ɓare lemo ya miƙo mani. Abu uku ne ban taɓa ganin ya yarda ta taɓa ba: nama, da albasa, da hannun aro. Duk abin da ya yanka, sai ya goge ta a hannun riga kafin ya rufe. Ran Juma'a da hantsi yakan jawo dutsen washinsa daga gindin randa, ya juya baya ya zauna a inuwa, in riƙa jin ƙarar a hankali ina aikina. In ya gama sai ya goga ta a wata tsohuwar fata da ya kafa a jikin ginshiƙi, sannan ya lallaɓa ɗakina ya ɗiga mata man keken ɗinkina a mahaɗa.

"Malam, man kekena ya ragu."

"Ɗigo ɗaya na ɗauka."

"Ɗigo ɗaya duk Juma'a, ai kwalba ce."

"Keken ne ya kawo ƙara?"

"Ni na kawo."

"To an karɓa, za a duba."

Haka muke yi, shekara da shekaru, ba a taɓa dubawa ba.

A tsakar gidanmu akwai mangwaron da ya aurar tun kafin a kawo ni. Amaryar daga lambun mahaifinsu ya yanko ta, can bayan ganuwa, inda yanzu duk gidaje ne. Ban taɓa cin irinsa a wani wuri ba. Ba shi da zare, ƙwallonsa siriri ne, kuma kusa da ɓawon akwai ɗan tsami da ke sa mutum ya ƙara wani. Maƙwabta da yawa sun shuka ƙwallonsa, abin da ya fito masu daban ne. Malam ya ce haka ɗan aure yake, ba ya bin ƙwallo, sai reshe.

A shekararsa ta ƙarshe ya shuka ƙwallo bakwai a baƙar leda, ya jera su kusa da rijiya. Ya ce in ruwa ya zauna zai yi masu aure, kowane ɗa ya ɗauki nasa ya kai gidansa, biyu su rage don ko da wani ya ƙi. A goman ƙarshe na azumi Allah ya karɓi abinsa. Na shiga takaba, autata ta dawo gidan don ta zauna da ni. Dashen nan bakwai ni na ci gaba da ba su ruwa, don ban san abin da zan yi masu ba in ba wannan ba.

Wuƙar kuma na ƙulle ta a haɓar zane. Da na ga tana huda mani zannuwa sai na ɗinka mata 'yar jaka na rataya a ƙugu. Ana saura kwana uku Babbar Sallah na fara buɗe ta. Na sa farce a 'yar tsagar ruwanta na jawo, ta buɗe ba gardama. Sai na ga abin da ya tsaya mani a rai. Gefe ɗaya an wasa shi, washi mai faɗi, sumul kamar madubi. Ɗaya gefen kuwa a shafe yake, ba alamar dutse ya taɓa gyara masa baki. Na tuna watanninsa na ƙarshe, yadda ko buta ba ya iya ɗagawa sai ya huta. Na ce a raina, ashe ƙarfinsa gefe ɗaya ya iya kaiwa, ya kasa ƙarasa ɗayan, kuma bai gaya wa kowa ba. Na daɗe a zaune da ita a cinya.

Washegari mai washin wuƙa ya biyo ta lungunmu da kekensa, yana kira, don lokacin layya ne. Auta ta tattara wuƙaƙen girki za ta kai masa ƙofar gida. Na kwance jakar na ce ta haɗa da wannan, ta ce masa ya ƙarasa gefen da ya rage. Daga ciki ina jin ƙarar ƙarfe a kan dutsen da yake juyawa. Da ta dawo da ita, gefe biyu duk suna walƙiya. Na ji daɗi ranar. Na ɗauka na ƙarasa wa Malam aikin da ya bari.

Kwana huɗu bayan Sallah, da la'asar, hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Muna cikin ɗaki muka ji wata ƙara kamar an yage sabon yadi. Da ruwan ya tsagaita muka fito muka tarar mangwaron ya rabu biyu. Rabi yana kwance a tsakar gida. Rabin da ya rage ya karkata ya jingina da katangar da ke tsakaninmu da maƙwabciyata, wata Hajiya tsohuwa da ɗakin kwananta ke manne da katangar. Cikin bishiyar rami ne, gara ta cinye, mu ba mu sani ba.

Ƙanin Malam, Alhaji, mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, ya zo da safe da mutum biyu. Suka rage manyan rassan da suka hau rufin Hajiya, suka tokare sauran da gwafa. Ya tsaya daga bakin zaure, ina daga ƙofar ɗaki cikin hijabi, muka gaisa, ya yi mani ya haƙuri, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Yaya, iccen nan ba ya kai marka. In ruwa ya jiƙa katangar nan, shi da ita za su sauka kan baiwar Allah. Sai dai a sare."

Na ce a ba ni kwana kaɗan. In aka sare shi ba a ɗauki amarya ba, irin ya ƙare ke nan, ba a lambu, ba a gida. Alhaji ya ce zai nemo wani daga tsohon wurin aikin Malam. Na ce ya bari tukuna, na sha ganin yadda ake yi. Gaskiyar magana, ba na son wani hannu ya taɓa dashen nan. Hajiya da ta shigo yi mani jaje ta ce ba komai, in yi a hankali. Tana faɗa tana duban rufin ɗakinta.

Da sassafe na yanko rassa huɗu masu ido a kumbure, kamar yadda nake gani yana zaɓa. Na yanke kan dashe huɗu, na tsaga, na feƙe, na cusa, na naɗe da leda da na yayyanka siri-siri, na kifa wa kowanne farar leda, na mai da su inuwa. Wurin feƙewar ne na lura wuƙar ba ta tafiya miƙe. Sai ta nutse cikin iccen, ko ta zame ta fito, sai na yi ta gyarawa sau biyar, sau shida. Na ɗauka rashin sabo ne. Kafin mako biyu duk huɗun sun yi baƙi. Da na kwance ɗaya, wurin haɗin ya ruɓe yana wari, angon ma ya bushe daga sama.

Ranar Juma'a Alhaji ya biyo bayan masallaci. Auta ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Tsakanina da shi akwai wasa tun ina amarya, amma tun rasuwar bai ƙara tsokana ta ba. Ya dubi ledojin nan huɗu, ya dube ni, ya kasa daurewa.

"Ikon Allah. Mace tana cikin takaba ta ɗaura aure har huɗu, kuma duk sun mutu. Yaya, ko liman bai kai ki aiki ba."

"Kai dai da ka iya ai da ka ɗaura."

"Ni? Ni yadi na sani. Ina wuƙar? Mu gani."

Auta ta miƙa masa. Ya buɗe, ya juya ta, ya sake juyawa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Wa ya yi mata haka?"

Na ce ni na sa aka ƙarasa washin, na gaya masa dalili.

"Ba kasawa ya yi ba, Yaya. Haka ake wasa ta. Gefe guda. Shafaffen gefen nan shi ke kwanciya jikin icce, ya sa yankan ya fita miƙe, shara ɗaya, ba tudu ba kwari. In da tudu iska ta shiga, in iska ta shiga aure ya mutu. Sau nawa ya yi mani wannan karatun ina hamma."

Na ce, "Ashe ɓata ta na yi."

Ya ce, "Ba ki sani ba ne." Ya rufe ta, ya ajiye a kan tabarma a hankali.

Ranar na sauke girman kai na ce ya nemo mutumin wurin aikin. Ya nema. Waɗanda suka yi zamani da Malam wasu sun rasu, ɗayan da aka sami labarinsa ya tafi ƙauye noma, sai kaka. Alhaji ya zagaya kasuwa ya kawo mani wuƙaƙe biyu sababbi masu naɗewa. Dukansu gefe biyu aka wasa su, kuma da na gwada ɗaya a busasshen reshe sai bakinta ya lanƙwashe. Dashe uku suka rage, ga bishiya a kan gwafa.

Na jawo dutsen Malam daga gindin randa. Ba wuya a gane gefen da mai keke ya taɓa, don washinsa siriri ne, duk ƙarce. Na kwantar da wannan gefen a kan dutse, na ɗiga ruwa, na danna da yatsu uku, na fara gogawa. Sai an cinye ƙarfen har ƙarcen ya ɓace sannan gefen zai koma shafaffe. Ina yi bayan na idar da sallar asuba gari ya waye, har rana ta kai bakin rijiya, in sake zama bayan la'asar. Ruwan da ke gangarowa daga dutsen toka-toka ne. Fatar yatsuna ta saɓule. Kwana takwas na yi. A rana ta takwas na ɗaga ta a hasken rana, gefen ya koma kamar yadda na fara ganinsa.

Ban taɓa dashen ba. Na sa Auta ta karyo mani rassan bedi, wato dogonyaro, daga ƙofar gida na yi ta gwaji. Wuƙar tana da kaifi, har gashin hannu tana askewa. Amma yankan bai miƙe ba. Sai ta riƙa hawa sama tana kuɓucewa, in na danna kuma ta ci rami. Akwai wani ɗan lotsi a jikin mariƙin, inda yatsa ya cinye ƙahon, amma duk yadda na riƙe ta babban yatsana ba ya faɗawa wurin.

Juma'a ta zagayo, Alhaji ya tarar da ni cikin tarin feƙaƙƙen bedi. Bayan gaisuwa na ce ya duba, na mayar da ita yadda take, amma ta ƙi ni. Ya ce in yanka ya gani. Na yanka. Ya ce in sake. Sai ya dafe baki.

"La ilaha illallahu. Ai ba da wannan hannun yake riƙe ta ba."

"Da wanne?"

"Yayana ai bahago ne."

Auta ta ce, "Haba Baba. Da dama yake cin abinci, da dama yake rubutu."

"Ke ɗiyar nan, yaushe aka haife ki? Kakarmu ce ta raba shi da hagun. Cikin riga take ɗaure mashi shi, ya yini hannu guda. Ci, rubutu, gaisuwa, karɓar abu, duk ya koma dama. Wuƙa kaɗai ya ƙi saki. Ya ce hagun ke ganin icce."

Na ce, "Shekara talatin da huɗu yana ɓare mani lemo, da dama yake miƙo mani."

"To da hagu zai miƙa maki, shi da ke jin kunyar abin? Shina yankawa da hagu, ya maida dama, sannan ya miƙo. Ke kuma hannun da ke miƙowa kike kallo."

Na rufe ido ina nemo Malam a zaune a gindin bishiyar nan da lemo a hannu. Na gan shi sarai, har yadda yake karkatar da kai. Ɓawon lemon yana sauka a zare ɗaya. Wuƙar tana hagu. Na nemo shi yana feƙe fensir, tana hagu. Yana raba goro, tana hagu. Duk yana nan a cikin idona, na gani sau dubu, ban taɓa sani ba. Mutumin da na san ƙarar takunsa daga bakin lungu, na san tarinsa a cikin tarin mutum goma.

Na mayar da wuƙar hannun hagu. Babban yatsana ya faɗa cikin lotsin nan, ya zauna daram, sauran yatsun kowanne ya sami wurinsa. Kamar na sa hannu a cikin hannunsa. Na yi ta tasbihi a zuci, don ban san abin da zan ce a fili ba. Auta ta tashi ta shiga ɗaki. Alhaji ya yi ta kallon katanga.

Kwana biyar na yi ina koyon yanka da hagu. Wuƙar tana son tafiya miƙe, ina jin haka, amma hannun ba shi da ƙarfi, rawa yake yi a tsakiyar yanka. A rana ta huɗu na yanke yatsa. A ta biyar aka yi ruwa tun safe har azahar, wani ɓangare na yaɓen katangar ya zubo. Auta ta leƙa gidan Hajiya ta dawo ta ce mani tsohuwar ta sa an jawo gadonta zuwa bakin ƙofa, ta jera kwanoni inda ke yoyo, kuma ta ce kada a gaya mani.

Na zauna na duba abin da ke gabana. In na bar wuƙar yadda Malam ya bar ta, sai na yi watanni kafin haguna ya iya, bishiyar kuma ba ta da watanni. In na juya washin ya dace da damana, sai na shafe gefen da ya yi shekara fiye da talatin yana gyarawa duk Juma'a, in buɗe sabon baki a ɗayan. Ba ta ƙara zama yadda ya san ta. Ban yi shawara da kowa ba. Na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu, na jawo dutsen.

Wannan karon ya fi wuya, don washinsa mai faɗi ne, ƙarfe mai yawa za a ci. Na fara da gefen dutsen mai kaushi. Ina gogawa ina ganin madubin nan yana ƙanƙancewa, yau ya kai faɗin farce, gobe ya koma kamar zare. Ban yi kuka ba sai ranar da na ɗaga ta na neme shi na rasa. Na goge ido, na juya ta, na fara nawa washin. Gaba ɗaya kwana goma sha ɗaya. Ruwan wuƙar ya rage faɗi, har in an rufe ta tana nutsewa cikin ƙahon fiye da da, sai na sa farce sosai kafin in kamo ta.

Na ɗauki reshen bedi na ja sau ɗaya. Ya fita sumul. Na yanki wani, na haɗa fuskokin biyu, na ɗaga su saitin rana. Haske bai ratsa tsakaninsu ba.

Washegari da sassafe na tafasa ruwa na tsoma wuƙar, na bari ta huce. Na zaɓi rassa uku daga abin da ya rage a bishiyar. Na yi bisimilla. Shara ɗaya ta nan, shara ɗaya ta can, ban ƙara ba, ban taɓa wurin yankan da yatsa ba. Na daidaita ɓawo da ɓawo ta gefe ɗaya, na naɗe daga ƙasa zuwa sama. Ukun duka ba su ɗauke ni tsawon dahuwar shayi ba. Na aika wa Alhaji cewa gobe a zo a sare.

Ya zo da kansa ya ce, "Yaya, ki bari mu ga sun kama mana. In suka ƙi fa?"

Na ce, "Hajiya ta gama jiranta."

Washegari mutanensa suka zo da injin yanka, kafin azahar sun gama. Tsakar gidan ya cika da sarari, har ido na ciwo. Na ba Hajiya itacen da ya fi kyau. Da yamma na ji ana mayar mata da gado wurinsa.

Daga nan sai jira. Kullum da safe nakan durƙusa in leƙa ta cikin farar ledar, ba na taɓawa. A kwana na tara ɗaya ya yi baƙi daga sama, na san wannan ya tafi. A cikin kwanakin ne na fita takaba. Mata suka cika gidan, aka yi sadaka, ana ta yi mani barka da addu'a, ni kuwa hankalina yana bakin rijiya kada wata ta jingina tabarma a kansu. A kwana na goma sha shida na biyun ya yanƙwane. Saura ɗaya, kore dai, amma shiru, bai nuna komai ba.

A kwana na ashirin da biyu na fito ɗibar ruwan alwala, gari ya fara haske. Na ga wani abu ja a cikin ledar, na ɗauka ƙwaro ne ya shiga. Na durƙusa. Idon da ke saman reshen ya fashe, ganye huɗu sun fito, ƙanana, ja-ja kamar hanta, masu laushi, sun rataya kai ƙasa. Bishiyar da suka fito daga jikinta an riga an fara hura wuta da ita a maƙwabta. Ɗan guntun icce ne da bai kai tsawon yatsa ba, ba shi da saiwa, aka cusa shi a jikin wani da bai san shi ba, ga shi yana shan ruwa ta bakin wancan. Na ajiye butar. Na daɗe a durƙushe, ba abin da ke fita bakina sai Subhanallahi.

Na kira Auta. Ta fito da ɗankwali a hannu, ta duba, ta ce, "Inna, ya kama?" Na ce kada ta ɗaga murya, kamar zai ji ya fasa.

Bayan wata biyu ledar ɗaurin ta fara shaƙe shi, don ya yi kauri. Na buɗe wuƙar, na sa bakinta a hankali ta bayan ɗaurin na tsaga, ledar ta warware. Wurin haɗin ya ɗan kumbura. Ɓawon ƙasa ya fi duhu, na sama kore ne shar, amma da na bi tsakaninsu da farce ban sami inda zan sa shi ba. Tsagar da na yi da hannuna ta cike da wani sabon nama da ba na ango ba ne, ba kuma na amarya ba. Ni dai yanka na yi na ɗaure. Wannan cikon ban san yadda aka yi shi ba, kuma ina jin Malam ma, da duk shekarunsa a aikin, kallo kawai yake yi in ya zo nan.

Yara biyar ne, dashe ɗaya. Suka ce a bar shi a gidan. Na sa aka haƙa rami taku shida daga katangar Hajiya, aka zuba toka saboda gara, na dasa shi da yamma, na kewaye shi da ƙaya don kaji.